Tsufan kaya: abin da zafin Damagaram ke yi wa roba, madara da kwalta

Ba mutum da dabba kaɗai ke tsufa ba. Bututun roba da ke jibge a mangaza, madarar gari da ke kan kanta, kwaltar da aka shimfiɗa a kan hanya, duk suna tsufa ko da ba wanda ya taɓa su. Masana kimiyyar fizik sun share fiye da shekara 150 suna bin diddigin wannan al'amari, kuma abin da suka gano ya shafi aljihun ɗan kasuwa da baitulmalin gwamnati, musamman a gari mai zafi irin Damagaram.

Dutse da kwalba a Kara-Kara

An kafa unguwar Kara-Kara ta birnin Zinder a shekarar 1971, lokacin da hukuma ta keɓe wurin domin tsugunar da masu fama da cutar kuturta da sauran waɗanda gari ya ture gefe. Daga baya ta bunƙasa ta zama unguwa mai ɗimbin jama'a. Fim ɗin da Aïcha Macky ta fitar a 2021, mai suna Zinder, ya nuna wa duniya yadda matasanta ke neman abin kai wa bakin salati, wasu da fasa dutse, wasu da sayar da man fetur a jarka da kwalba. Duk wanda ya dubi waɗannan sana'o'i biyu da idon basira zai ga sun ajiye masa iri biyu na sandararren abu gefe da gefe.

Duwatsun giranit da suka yi wa Zinder ƙawanya sun taɓa zama narkakku a ƙarƙashin ƙasa. Sun huce sannu a hankali cikin dubban shekaru, har ƙwayoyin da suka haɗu suka yi su suka samu sukuni, kowace ta zauna a gurbinta sahu-sahu. Haka gishirin Bilma yake, haka ma ƙanƙara. Abin da ƙwayoyinsa suka jeru ta wannan hanya ya riga ya kai masaukinsa, ba shi da sauran tafiya a cikinsa. Iska da ruwa na iya cin sa ta waje, amma cikinsa a natse yake.

Kwalba da roba kuwa a masana'anta aka narka su, aka hura su ko aka zuba su a mazubi, suka sandare cikin daƙiƙoƙi ko ƴan mintoci. Sanyi ya riski ƙwayoyinsu kafin su kintsa, suka maƙale a hargitse inda ya same su. Tun daga ranar suke ta neman gyara zama, kaɗan-kaɗan, ba dare ba rana. Wannan neman gyara zama da ba ya ƙarewa shi ne masana ke kira tsufan jikin abu.

Iyakar da abu ke sauya hali

Kowane ɗan lakwal ya san cewa ruwa na zama ƙanƙara a digiri 0, yana kuma tafasa ya zama tururi a digiri 100. Waɗannan iyakoki ne bayyanannu: a wannan gefe ruwa, a wancan gefe ƙanƙara. To amma akwai wasu iyakokin da halinsu ya sha bamban.

A shekarar 1822 wani Bafaranshe mai suna Charles Cagniard de la Tour ya zuba alkol a cikin bututun bindiga, ya jefa ɗan dutse, ya toshe bakin, ya riƙa gasa bututun yana mirgina shi yana sauraro. Da zafi ya kai wani matsayi sai ƙarar fantsamar ruwa ta ɗauke ɗif. Ba sauran ruwa a ƙasa da tururi a sama, biyun sun zama abu guda. A 1869 Thomas Andrews na birnin Belfast ya auna wannan matsayi ga iskar da ake kira gas karbonik, ya same shi a digiri 31, da matsin da ya ninka na iskar duniya kimanin sau 73. Ana iya kiran wannan matsayi maƙura.

Ma'aikacin gwamnati ba ya bukatar zuwa Turai kafin ya ga misalinsa. Tukunyar kashe gobara mai gas karbonik, irin wadda ke rataye a bango a wasu bankuna da biro-biro, tana ɗauke da ruwa a ƙasa da iska a sama da asubahin lokacin ɗari. Idan aka shiga watan Afrilu, zafi ya haura digiri 31, babu sauran ruwa babu sauran iska a cikinta, sai wani abu ɗaya mai kauri da ya cika ta baki ɗaya.

Maƙera ma suna da tasu maƙurar. Idan aka gasa ƙarfe ya yi ja, mayen ƙarfe ba ya kama shi, sai ya ɗan huce. Pierre Curie ya yi nazarin wannan a 1895, kuma iyakar, wadda ke digiri 770 ga baƙin ƙarfe, da sunansa ake kiran ta.

Abin lura a nan shi ne yadda abu ke yin nawa idan ya kusanci maƙura. Mai awo da sikeli ya san cewa idan gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya sosai, nan take sikelin ke faɗuwa ya tsaya. Idan kuwa nauyin biyu sun kusa yin daidai, sai ya yi ta lilo, a daɗe ana jira. Haka abin yake a bakin maƙura. Babu halin da ya rinjayi ɗan'uwansa, saboda haka abu yakan rarrabu faci-faci, wani facin mai kauri, wani marar kauri, suna girma suna watsewa. Iskar da take garau sai ta yi fari kamar madara. Gwargwadon yadda aka matsa kusa da iyakar, gwargwadon yadda facin ke girma, kuma lokacin da abu ke ɗauka kafin ya natsu yana ta ninkawa ba iyaka. Kenneth Wilson na Amurka ya samu kyautar Nobel a 1982 saboda ya bayyana dalilin da ya sa gas da ƙarfe, duk da nisan da ke tsakaninsu, ke bin lissafi iri ɗaya a bakin maƙurarsu. A 1989 kuma wasu masana uku a Jamus, Janssen da Schaub da Schmittmann, suka nuna cewa abin da aka sanyaya farat ɗaya aka ajiye shi daidai kan maƙura yana bin wata doka ta musamman tun daga farkon tafiyarsa ta neman natsuwa. Daga nan bincike ya tabbatar cewa amsar da irin wannan abu ke bayarwa idan aka taɓa shi ta dogara da tsawon lokacin da ya yi a ajiye.

Ruwan da ya maƙale

Iyakar da ta fi shafar kasuwa ita ce ta kwalba, roba, alewa, ƙaro da kwalta. Waɗannan ba sa sandarewa farat ɗaya kamar ƙanƙara. Kauri suke yi, su ƙara kauri, har a kai inda gudanarsu ta fi ƙarfin haƙurin mai kallo.

Wanda ya shiga Kasuwar Dole ranar Alhamis zai fahimci dalili. Da sassafe kowa na tafiya inda ya ga dama. Da hantsi sai mutum ya jira wani ya kauce masa. Idan kasuwa ta cika maƙil, ba mai iya taku ɗaya sai mutum goma sun motsa tare, su ma goman nan suna jiran wasu. Babu shingen da aka kafa, amma tafiya ta tsaya. Haka ƙwayoyin narkakken abu ke yi yayin da yake hucewa: suna matsuwa, kowace na bukatar haɗin kan maƙwabtanta kafin ta gusa, kuma ragin ƴan digiri kaɗan na iya ninka jiran sau goma. Zafin da tafiyar ke tsayawa a kansa shi ne iyakar daskarewa ta wannan abu.

Kowane kaya da tasa iyakar. Ta kwalbar gilashi tana wajen digiri 550. Ta robar PVC da ake bututun ruwa da ita tana wajen digiri 80. Ta robar PET da ake gorar ruwa da lemo da ita tana wajen digiri 70. Ta busasshen sukari da aka narka aka yi alewa tana tsakanin 60 da 70. Kwaltar hanya kuwa tana fara laushi tun daga wajen digiri 50.

Sai a ɗora waɗannan alƙaluma a kan yanayin Damagaram. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa yana kai digiri 40 ko ya zarce. A ƙarƙashin kwanon rufi, ko a bayan motar ɗaukar kaya da ke tsaye a rana, ko a kan fuskar kwalta, yana iya kai 60 ko fiye. Kayan da a Turai ke zaune nesa da iyakarsu da digiri 50 ko 60, a nan suna kwana suna tashi a bakin ƙofarta. Kuma kusanci da iyaka shi ke ba ƙwayoyi damar motsawa.

Kwalbar gilashi ba ruwanta da wannan, domin tsakaninta da iyakarta akwai digiri 500. An daɗe ana cewa gilashin tagogin tsofaffin majami'un Turai ya fi kauri a ƙasa ne saboda yana gangarowa. A 1998 Edgar Zanotto na Birazil ya yi lissafi ya nuna cewa kafin a ga irin wannan gangarowa sai an jira lokacin da ya fi shekarun duniya nesa ba kusa ba. Kwalta kuwa tana gudana da gaske. A 1927 Thomas Parnell na Jami'ar Queensland da ke Ostareliya ya zuba wata irin baƙar kwalta a mazurari, mai taurin da idan aka buga ta da guduma sai ta tarwatse. An buɗe bakin mazurarin a 1930. Ɗigo na farko ya faɗo a 1938, na tara a 2014. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Har yau masana ba su daidaita ba a kan ko wannan daskarewa iyaka ce ta haƙiƙa irin ta maƙura, ko kuwa cunkoso ne kawai da ya wuce ƙima. A 1995 Philip Anderson, wanda shi ma ya taɓa samun kyautar Nobel, ya sanya ta a sahun gaba na matsalolin ilimin sandararrun abubuwa da ba a warware ba.

Dokar tsufa

Ƴan kasuwar hatsi sun riga masana sanin sashen wannan doka. Idan aka cika buhu aka ɗaga shi aka dire, hatsin yakan sauka sosai a direwar farko, har a ƙara tiya guda ko biyu. A direwa ta goma saukar ta ragu. A ta ɗari da ƙyar ake ganin ta, amma ba ta ƙare ba. A 1995 masana a Jami'ar Shikago suka cika dogon bututu da ƙananan duwatsun gilashi, suka sa na'ura tana jijjiga shi. Bayan jijjiga dubu goma duwatsun ba su daina matsuwa ba. Kowane ƙarin matsuwa sai ya nemi jijjigar da ta ninka ta baya sau da yawa.

Abin da jijjiga ke yi wa hatsi shi zafi ke yi wa ƙwayoyin kwalba da roba. James Joule na birnin Manchester ya lura cewa alamar sifiri ta ma'aunin zafinsa na gilashi tana hawa, domin gilashin na tsukewa. Ya riƙa rubuta ta daga 1844 har 1882, shekara 38 ke nan. Duk hawan bai kai digiri ɗaya ba, babban kasonsa ya faru a shekarun farko, amma har ya daina awon bai ga ta tsaya ba.

Wanda ya fito da dokar sarari shi ne L. C. E. Struik na birnin Delft a ƙasar Holan, cikin littafin da ya wallafa a 1978. Ya gasa robar PVC zuwa digiri 90, ya sanyaya ta farat ɗaya zuwa digiri 40, ya ajiye ta a haka tsawon shekara huɗu. Lokaci-lokaci yakan ɗora mata nauyi ya auna saurin miƙewarta. Ya gano cewa duk sa'ad da shekarunta suka ninka sau goma, lokacin da take ɗauka kafin ta ba da kai ga nauyi shi ma yana ninkawa kusan sau goma. Robar kwana ɗaya da ta kwana ɗari da ta kwana dubu, ko da daga tukunya ɗaya aka zubo su, hali uku ne da su. Ya gwada wasu abubuwa masu yawa, har da kwalta da narkakken sukari, ya tarar duk hanyarsu ɗaya. Digiri 40 da ya zaɓa don gwajinsa kuwa shi ne zafin inuwar Zinder a bazara.

A 1992 Jean-Philippe Bouchaud na Faransa ya ba da hoton da ke sauƙaƙa fahimtar wannan. A ƙaddara matafiyi ne a filin da ke cike da ramuka, wasu gajeru, wasu masu zurfi. Da farko yana faɗawa gajerun, ya fito da wuri. Da tafiya ta yi nisa dole ya gamu da mai zurfi, ya daɗe a ciki, in ya fito kuma wani wanda ya fi shi zurfi na jiran sa a gaba. Kullum ramin da yake ciki yakan riƙe shi kimanin tsawon lokacin da ya riga ya yi yana tafiya. Shi ya sa tsohon abu ke da nauyin motsi daidai da tsufansa.

A zahiri abin da ke faruwa ga roba shi ne ta ɗan tsuke, ta ƙara tauri, ta rage lanƙwasa. Wannan na da amfani ta wani gefen, domin tsohon bututu ya fi sabo jure nauyi mai ɗorewa. Illarsa ita ce ya fi saurin fashewa idan aka jefar da shi daga kan mota ko diga ta same shi. Robar da ta iya shanye duka tana sabuwa, da ta tsufa sai ta tsage.

Darasin ɗumame

Wani abin mamaki game da wannan tsufa shi ne ana iya goge shi. Tuwon da ya kwana yakan yi tauri ko da an rufe shi ruf, kuma da safe idan aka ɗumama shi sai ya dawo da laushinsa. A 1852 Jean-Baptiste Boussingault na Faransa ya rufe burodi a cikin mazubin da iska ba ta shiga, burodin ya yi tauri alhali bai rasa ruwansa ba, da ya gasa shi kuma ya koma kamar sabo. Dalili shi ne ƙwayoyin sitaci da dahuwa ta warware suna sake jeruwa a hankali idan abinci ya huce, zafi kuma na sake warware su. Jeruwar ta fi sauri a sanyin firji, shi ya sa burodin da aka sa a firji ke riga na kan tebur tauri.

Struik ya ga irin wannan ga roba: idan aka sake gasa tsohuwa ta haura iyakarta, aka sanyaya, sai ƙidayar shekarunta ta koma farko. Bugu da ƙari, waɗannan abubuwa suna riƙe tarihin abin da ya same su. A farkon shekarun 1960 André Kovacs na birnin Strasbourg ya nuna, da irin robar da ake farin gam ɗin kafintoci da ita, cewa guntaye biyu masu girma ɗaya a zafi ɗaya na iya ɗaukar hanya daban-daban idan zafin da suka ratsa a baya ya bambanta. Gorar PET da aka zuba wa kunu mai zafi ta yamutse tana ba da irin wannan shaida: an miƙe ƙwayoyinta da ƙarfi a masana'anta, da zafi ya kai ta iyaka sai suka koma yadda suke tun farko. A 1983 masana a birnin Uppsala na Suwidin suka ga tsufa irin na Struik a cikin jan ƙarfe da aka gauraya da ɗan manganis, inda abin da ke maƙalewa shi ne ƙarfin maganaɗisun ƙwayoyinsa. Giorgio Parisi na Italiya, wanda ya warware lissafin irin waɗannan ƙarafa, ya samu rabin kyautar Nobel ta fizik a 2021.

Wajibi ne a raba wannan tsufa da wani da ake yawan gwama su. Jarka, bokiti, buta da leda galibi da wata roba ake yin su wadda iyakar daskarewarta ke daidai da sanyin ƙanƙara ko can ƙasa da shi. Idan suka koɗe suka fara marmashewa, aikin hasken rana ne da iska, waɗanda ke tsinka ƙwayoyin robar guntu-guntu. Wannan ɓarna ce da ba ta da ɗumame. Bututun da aka bari a rana yana shan iri biyun a lokaci guda.

Inda abin ya taɓa aljihu

Ga mai kanti, babban abokin gaba shi ne laima. Ruwa yana shiga tsakanin ƙwayoyi ya sassauta musu, ya saukar da iyakarsu ƙasa. Sukarin da ke cikin madarar gari, idan ya bushe ƙarau, iyakarsa na wajen digiri 100. Da zarar madarar ta sha laima ƴar kaɗan, iyakar na iya saukowa har ta iske zafin shago. Daga nan garin ke manne wa juna, ya dunƙule, ya ƙi narkewa da kyau. Da rani buhun madara da aka buɗe ana aunawa a leda na iya jurewa. A watan Agusta, da zafi da laima suka haɗu, kwanaki kaɗan sun isa. Labarin alewa ke nan da ke danƙo da damina daga baya ta yi tsakuwa-tsakuwa, da na ƙaron dakwara da ke curewa a buhu idan an jibge shi a ƙasa mai sanyi. Maganin bai da tsada: a ɗora kaya a kan katako, a nisanta su da bangon kwano, a rufe bakin buhu, a sayar da na farkon shigowa kafin na baya.

Magani ma haka ne. Ranar ƙarewar aiki da ke jikin kwali an lissafa ta ne bisa zafin ajiya da aka rubuta, galibi digiri 25 ko 30. Ƙwayar da ta yini a kan tire a rana, ko ta yi makonni a cikin mota a bakin iyaka, ta ci wa'adinta tun kafin ranar da aka buga. Kwanson wasu ƙwayoyin yakan bushe ya fashe da hunturu, ya yi danƙo da damina. Wannan magana ce ta lafiyar jama'a, kuma talakawan unguwanni irin Kara-Kara, masu sayen magani ɗai-ɗai a bakin titi, su suka fi kowa shan wahalarta.

Sai batun ruwa. Zinder na zaune a kan dutsen da ba ya riƙe ruwa, shi ya sa ake janyo mata shi daga nesa, daga Gogo da Machaya a kudu, daga Arunguza da Ganaram a arewa. Garin da ke samun ruwa da irin wannan wahala bai kamata ya bari yana tsiyaya a hanya ba. Bututun roba da ke rarraba ruwa cikin unguwanni ana ƙera su ne da lissafin shekara 50 a zafin digiri 20, kuma ana ciro wannan lissafi daga gwajin da tsawonsa ke wajen awa 10,000, wato shekara ɗaya da wata biyu. Ƙa'idar duniya ta bututun PVC ta tanadi cewa idan zafin ruwa ya kai digiri 35, matsin da aka yarda bututu ya ɗauka ya koma kashi 80 cikin 100, a digiri 45 kuma kashi 63. Saboda haka ma'aikacin da ke rubuta takardar sayen kaya, idan ya kwafi alƙaluman da aka tsara don ƙasashe masu sanyi, ya sayi bututun da bai kai ƙarfin da yake zato ba. Ɗan kwangilar da ya jibge bututu a fili na tsawon watanni, ko ya binne su sama-sama inda zafin rana ke isa, ya cinye wani sashe na shekarunsu tun ruwa bai bi ta cikinsu ba.

Hanya ma tana da nata lissafin. Kwalta abu ne da ke jure duka na farat ɗaya amma yake ba da kai ga nauyin da ya daɗe a kansa. Motar da ta wuce da gudu ba ta ba ta lokacin motsawa, wadda ta tsaya ko take rarrafe kuwa tana ba ta. Dalili ke nan da ya sa kwari da tudu ke fara bayyana a tashoshi, a shingayen bincike da mahaɗar hanyoyi, ko a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Zinder zuwa Diffa, ko a kan waɗanda suka nufi Agadas da Kano. Da tsakar ranar bazara, lokacin da fuskar hanya ta haura zafin laushinta, gingimari ɗaya mai lodin wuce ƙima na yin ɓarnar da ɗaruruwan ƙananan motoci ba sa yi. A 2005 ƙungiyar UEMOA ta kafa dokar ƙayyade lodi, wadda ta tsayar da tan 11 da rabi ga gatari guda. Da shekaru suka tura kuma, iska na busar da kwaltar, ta yi tauri, ta tsattsage da sanyin hunturu, ruwan damina ya samu ƙofar shiga.

Abin da ya rage ga masu saye da masu sa hannu

Duk wannan na nuna cewa kayan roba, na sukari da na kwalta suna zuwa da shekarunsu da tarihin zafin da suka sha, ko da ido bai gani ba. Ya kamata ɗan kasuwa ya tambayi ranar da aka ƙera kaya da inda suka kwana kafin su iso hannunsa, kamar yadda yake duba haƙoran rago kafin ya yi tayi. Ya kamata hukumomin da ke ba da kwangila su rubuta zafin aiki na gaskiya a takardunsu, su wajabta rumfa ga kayan da ke jiran aiki, su kuma daina gamsuwa da gwajin kwana ɗaya a kan sabon kaya, tun da sabo da tsoho ba halinsu ɗaya ba. Rumfar zana da ƴan katakai ba su kai kuɗin tono titi a sauya bututu ba, kuma rigakafi ya fi magani.